Gidan tsohon maƙwabci: yadda ake buɗe maganar saye

   

Maganarmu ta yau mai nauyi ce a baki. Da yawa cikinku suna da ita a zuciya, amma kunya ta hana su faɗi.

Ga yadda take. Gidanka ya yi maka kaɗan. Yara sun girma. Babban ɗanka zai yi aure, ba inda za a gina masa ɗaki. Bayan katangarka kuwa ga gida mai faɗi, ba kowa ciki sai tsoho da tsohuwarsa. Ƴaƴansu mata sun yi aure. Mazan sun tafi nema, wannan yana Libiya, wancan yana Kano, ɗaya yana Agadas. Ɗakuna biyu sun zube, ba wanda ya tashe su. Kullum ka leƙa sai ranka ya biya. Kana cewa: da ma in sun tashi sayarwa su fara gaya mini.

Wannan tunani ba laifi ba ne. Irin gidajen nan kuma suna da yawa a Damargu. A da ƙasar nan rumbun gero ce, ayarin Abzinawa na zuwa da raƙuma su loda su yi arewa. Farin 1973 da na 1984 suka karya manoma da makiyaya. Samari suka saba da tafiya ci-rani, wasu kuma ba su dawo da zama ba. Ta wani gefen, garuruwa suna ƙara cika. Tanut na bisa babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai kanta. A cikin wannan shekara kuma aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji. Duk inda ma'aikata da baƙi suka sauka, fili na yin daraja. Saboda haka ba kai kaɗai ne ke kallon gidan tsohon nan ba.

Amma ka sani, tsoho na jin maganar sayen gidansa kamar ana ƙirga masa kwana. In ka buɗe ta da garaje, za ka rasa gidan, ka rasa maƙwabcin.

Gidan na wane ne?

Kafin ka buɗe baki, ka binciki wannan a hankali. Mai zama cikin gida daban, mai gida daban.

Sau da yawa gidan da tsoho ke ciki gidan gado ne. Ubansu ya bari, ba a raba ba. Shi ne babba, shi ya zauna. Amma ƙannensa suna da rabo, ƴan'uwansa mata suna da rabo, waɗanda suka rasu kuma ƴaƴansu sun gaji rabonsu. Irin wannan tsoho ko ya ce ya sayar maka, rabonsa kaɗai ya sayar.

A nan akwai wani hukunci da ya kamata ka riƙe sunansa: shufu'a. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a ƙasar nan, in mutane sun yi tarayya a gida ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon su maida wa baren kuɗinsa su karɓi rabon. Wanda yake gari, ya kuma san an yi cinikin, in ya yi shiru har shekara, ikonsa ya faɗi. Wanda yake nesa kuwa ikonsa na nan har ya dawo. To, ka ga ɗan'uwan nan da ke Libiya. Yana iya sauka daga mota bayan shekara 5, ka riga ka yi gini, ya ce ga kuɗinka.

Kada kuma ka ruɗi kanka ka ce ai ni ne maƙwabci, dole a fara yi mini tayi. Malaman Hanafiyya sun ba maƙwabci shufu'a. Malikiyya ba su ba shi ba, sai abokin tarayya. In an fara tuna ka, mutunci ne da zaman tare suka jawo.

A ƙauye kuma akwai wanda gininsa ne amma ƙasar ba tasa ba ce. Mai gari ko masu asalin wurin suka ba kakansa aro ya kafa bukka, aka yi ta zama. Mai gari da dattawan unguwa sun san wannan. Ka tambaye su cikin hira, ba sai ka faɗi dalili ba.

In kuwa tsohuwa ce kaɗai a gidan, mijinta ya rasu, to ka ƙara hattara. Mu yi lissafi tare, tun da yanzu kun iya. A ce gida ya yi kuɗi jika 2400. Wannan misali ne kawai. Mai gidan ya rasu ya bar mata 1, ƴaƴa maza 2, ƴaƴa mata 3, ba bashi, ba wasiyya, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8. Jika 300 ke nan. Saura jika 2100. Namiji na ɗaukar rabon mata 2, saboda haka a kasa kashi 7, kowane kashi jika 300. Kowane ɗa ya samu jika 600, kowace ɗiya jika 300. Ka ga mutum 6 ke da gidan nan. Tsohuwar da kake gaisarwa kullum, ƙaramin rabo gare ta. In akwai maraya ƙarami cikin magada, ba a taɓa rabonsa sai ta hannun waliyyinsa, kuma sai don amfanin yaron.

Lokaci da ɗan rakiya

Kada ka aiki yaro. Kada ka aiki dillali, don shi la'adarsa yake nema, kafin la'asar maganar ta cika kasuwa. Ka nemi dattijo guda wanda tsohon ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko abokinsa na ƙuruciya. Ka fara gaya wa shi. Wani lokaci shi zai ce maka: bari, wane ya riga ya yi wa ɗan ƙanensa alkawari. Ka huta, ba wanda ya ji kunya.

Akwai lokutan da ba a tada wannan magana. Ba a tada ta tsoho na kwance ba lafiya. Ba a tada ta a zaman makoki. Matar da ke takaba, wata 4 da kwana 10, a ɗakin mijinta za ta zauna, ba a yi mata zancen ciniki. Ba a kuma tada ta a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Mai jin yunwa yana iya cewa to, amma ƴaƴansa ba za su manta ba har abada. Za su ce ka ci da gumin ubansu ranar da ba shi da ƙarfi.

Mu a ganinmu, lokacin da ya fi shi ne farkon kaka. Gero ya shiga rumbu, hankali ya kwanta, samarin da suka zo noma kuma ba su koma ci-rani ba tukuna.

Ka je da kanka, kai da dattijon, bayan la'asar. Ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa. A gaisa sosai. Sa'an nan ka ce wani abu kamar haka:

"Baba, na zo da magana, in na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kun ga jikokin nan naku sun girma, gida ya yi mana kaɗan. Ban zo don in tashe ku ba. Roƙo nake, in wata rana ku da iyalinku kuka ga za ku rabu da gidan nan, ko wani gefe nasa, ku fara tunawa da ni. In ba ku da niyya, maganar ta tsaya nan, zumuncinmu na nan yadda yake."

Kada kalmar "bayan ranku" ta fito daga bakinka. Kada ka ambaci ɗakunan da suka zube. Kada ka faɗi kuɗi ranar farko.

Da wuya tsoho ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri. Zai ce: "To, na ji, sai na yi shawara." Wannan na iya zama shawarar gaske, yana kuma iya zama ƙi cikin ladabi. Ka yi godiya ka tashi. In wata 2 ko 3 suka wuce bai aiko ba, ka gane amsar. Ka ci gaba da gaishe shi kamar da. Tuwon da matarka ke aika wa Inna kada ya tsaya, kada kuma ya ƙaru farat ɗaya. Tsofaffi suna lura da irin wannan.

In ya nuna yarda, abu na farko da za ka roƙa shi ne a sanar da ƴaƴansa duka, maza da mata. Yau akwai wayar salula, ba wanda ya yi nisan da ba za a same shi ba. Shari'a ta ba mutum mai lafiya da hankali ikon sayar da abinsa ba da izinin ƴaƴansa ba. Amma da su za ka zauna gobe. Cinikin da aka ɓoye musu, shi ne wanda ke ƙarewa gaban alƙali.

Cinikin da ya halatta da wanda ya lalace

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, kuma da kyakkyawar niyya.

Wani zai ce: "Baba, ga kuɗi, na saya, amma ku yi zamanku, sai ranar da Allah ya yi ikonsa in karɓa." Wannan ciniki lalatacce ne a wurin malamanmu. Ba wanda ya san ranar. Ciniki kuwa ba ya tsayawa bisa abin da ba a sani ba. Wannan shi ake kira garari.

Wani kuma zai ce: "Ku ba ni gidan, ni kuma in ɗauki cinku da shanku da suturarku har ƙarshen rai." Yana da daɗin ji. Amma littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malaman zaure ke karantarwa, ya lissafta wannan cikin cinikin da ya ɓaci. Dalili kuwa, ba a san kuɗin gidan ba. Ciyarwar wata 6 ce, ko ta shekara 20?

Ku ji abin da ya faru a Faransa, inda dokarsu ta yarda da irin wannan ciniki. A garin Arles, cikin 1965, wani mai rubuta takardun ciniki, André-François Raffray, ya ƙulla da wata tsohuwa, Jeanne Calment. Tana da shekara 90, shi yana da 47. Zai riƙa ba ta kuɗin Faransa 2500 kowane wata, in ta rasu gidanta ya zama nasa. Ya yi ta biya shekara 30. A 1995 ya rasu bai kwana gidan ba ko sau ɗaya. Matarsa ta ci gaba da biya. Tsohuwar ba ta rasu ba sai 1997, tana da shekara 122. Abin da aka biya ya fi kuɗin gidan ninki biyu. Mutane na dariya in sun ji labarin. Amma ku dubi ɗaya gefen: da ta rasu bayan wata 3, da an karɓi gida a banza. Ko ta ina, sai ɗaya ya cutu. Ga shi kuma mai saye ya zama mai jiran mutuwar maƙwabcinsa.

To, mene ne ya halatta?

Ana iya yin ciniki yau, da kuɗi sananne, a sa ranar da za a ba da gida. Shaihu Halil ya ce a gida ana iya jinkirta karɓa har shekara guda. An taƙaita ne don gini na sauyawa. Ku da kanku kun san abin da damina 3 ke yi wa ɗakin laka in ba a yi masa yaɓe ba.

Bayan gida ya zama naka, in ka ga dama ka bar tsohon ya zauna iyakar ransa don Allah, wannan kyauta ce, sunanta umra a fikihu. Amma daga zuciyarka za ta fito, ba sharaɗin ciniki ba ce. Ku zauna da malami ya raba muku biyun, a kuma rubuta kowace daban.

Sau da yawa ma abin da ya fi sauƙi shi ne a yanka maka gefe. Kangon baya, inda ɗakunan suka zube, shi kake bukata. Tsoho ya samu kuɗin gyaran sauran ɗakunansa, bai tashi daga inda ya saba ba. Kai ka samu wurin ɗakin ango. In haka za a yi, a auna da igiya ko da mita gaban shaidu, a kafa alama. A faɗi wanda zai gina katangar tsakani. A faɗi inda indararo zai zuba da inda ruwan sama zai bi ya fita. In akwai aduwa ko kurna a bakin iyaka, a faɗi mai ita. Ƙananan abubuwan nan su ke haɗa jikoki faɗa.

In kuwa abin da ka samu alkawari ne kawai, cewa za a fara yi maka tayi, to ka riƙe shi a matsayinsa. Alkawari ba ciniki ba ne. Ranar da tsoho ya rasu, gida ya zama na magada, sai ka sake sabuwar magana da su bayan an share makoki. Ko da ya yi maka wasiyya da gidan, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi 1 cikin 3, sai in magada sun yarda. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali ita ma haka.

Sai maganar bashi. Tsoho ya matsu, ka ba shi tiya 10 ta gero. Bara ka biya masa magani. Bana ka ba shi jika 20. A zuciyarka kana tarawa cikin kuɗin gida, shi kuwa yana ganin taimakon maƙwabci ne. Ranar da ka fito da lissafi, gari duka zai zage ka, kuma da gaskiyarsu. In taimako ne, ka bar shi taimako. In bashi ne, a faɗa, a rubuta. In kafin alƙalami ne na ciniki, a kira shi da sunansa gaban shaidu. Ku sani kuma, a Malikiyya ba a yarda a ce in ciniki ya fasa mai gida ya cinye kafin alƙalami ba. Maida shi ake yi.

Takarda

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, ya yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki. Dokar ƙasa ma haka take so. Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara ta Nijar, mai lamba 93-015. Ita ta kawo hukumomin filaye da ake kira Kofo. Akwai Kofo ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta gari, wadda mai gari ke shugabanta. Suna da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. In a ƙauye kake, ka fara da mai gari. In ba a kafa Kofo a garinku ba, shi zai kai ku ta ƙaramar hukuma.

A cikin gari kuwa, inda hukuma ta yanka filaye ta ba su lamba, kowane fili na da takardarsa daga ofishin magajin gari. Ka nemi ganin ta tun kafin ka biya. Bayan ciniki ku je tare a juya ta zuwa sunanka. Wasu sai su karɓi tsohuwar takarda su adana, da sunan mai sayarwa a kai. A idon hukuma, gidan na mai sunan ne.

Takardar ta ƙunshi sunan mai saye da na mai sayarwa kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa. Ta faɗi wanda ke gabas, da yamma, da kudu, da arewa. Ta faɗi tsawo da faɗi, da kuɗi, da ranar ba da gida. Cikin shaidu a samu na dangin tsohon, kada su zama abokanka kaɗai. In tsohon bai iya karatu ba, wani nasa ya karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji, Hausa ne ko Barbarci ko Buzanci, kafin ya dangwala yatsa. In mace ce mai rabo, a ji yardarta daga bakinta. Kada wani ya ce ya amsa mata.

Ku lura da lamba sosai. Mu da dala da jika muke ƙirga, takardar hukuma kuwa da tamma take ƙirga. Dala 1 tamma 5 ce. Jika 1 dala 200 ce, wato tamma 1000. Saboda haka kowace jika tana jan sifiri 3 a bayanta. In kun shirya a kan jika 800, abin da za ka gani a takarda shi ne 800.000, don da ɗigo suke raba lambar. In ka ga 80.000, sifiri ɗaya ya faɗi, jika 80 ke nan aka rubuta. Ka sa yatsa ka ƙirga sifirin ɗaya ɗaya, kada ka ji kunyar ma'aikaci. Ka ce a rubuta kuɗin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi.

A biya kuɗi da rana, gaban shaidun nan, a ƙirga a hannun mai gida. In kashi kashi za a biya, kowane biya da tasa shaidar a rubuce, da kwanan wata.

In duk da haka rigima ta taso daga baya, ba a fara da kotu. Mai gari ke fara sulhu, sai sarkin ƙasa, a rubuta abin da aka shirya. In ya gagara ne ake zuwa gaban alƙali. A maganar gado da filin gargajiya, alƙali na zama da masu ba shi shawara waɗanda suka san al'ada da addini. Abin da za su fara tambaya shi ne takarda da shaidu.

Kowa ya riƙe kwafinsa: kai ɗaya, tsohon ɗaya, ɗaya kuma ya zauna wurin hukuma. Naka ka naɗe shi cikin leda, ka sa a akwatin ƙarfe, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. In akwai mai babbar waya a gidanku, ya ɗauki hotonsa, a aika wa ƴaƴan tsohon da ke nesa su ma su gani.